Tarihin Ƙirar Haruffan Kanu Bisa Tsarin Gidan Dara da Matsayin Baƙaƙen Harsunan Nijeriya a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Galibin nazarce-nazarcen da masana harsunan Nijeriya suka gudanar a kan rubutu sun fi karkata ne ga ƙa'idojinsa, wato wane sauti za a bai wa wane harafi, da inda ya kamata a haɗa kalma ko a raba ta. Ba kasafai ake tsayawa a dubi surar harafin ita kanta ba, balle a tambayi wanda ya zana ta da ma'aunin da ya yi amfani da shi. Alhali kuwa duk harafin da ido ya gani a jarida ko allon talla ko fuskar wayar hannu, wani ne ya zauna ya yanke shawarar tsayinsa da faɗinsa da kaurinsa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin tarihin wata hanya guda ta ƙirar haruffa, wadda a cikinta ake shata fili a kasa shi gida-gida daidai wa daida, sa'annan a gina harafi ta hanyar cike wasu gidaje da barin wasu. Za a bi wannan tarihi tun daga maginan ƙasar Farisa na ƙarni na 12, a ratsa ta maɗaba'un Turai, har zuwa zamanin kwamfuta. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, duk lokacin da aka ƙayyade yawan gidajen, to an ƙayyade yawan bambance-bambancen da haruffa za su iya nunawa, kuma wanda ya yi ƙidayar yakan yi ta ne gwargwadon bukatar harshen da yake rubutawa. Wannan ne dalilin da ya sa batun ya shafi masu nazarin Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulfulde da sauran harsunanmu, kamar yadda za a gani a ƙarshen takardar.

2.0 Bayanin Kalmomi

A wannan takarda an kira cikakken jerin haruffa da lambobi da alamomin rubutu waɗanda aka zana da kama ɗaya da sunan zubi, domin a da ana samar da su ne ta hanyar zuba narkakkiyar dalma a cikin mazubi. Zubin haruffa ya kasu kashi biyu. Akwai haruffan gundari, wato ƙananan da ake buga doguwar magana da su, waɗanda nagartarsu ita ce mai karatu ya cinye shafi goma bai ma lura da su ba. Akwai kuma haruffan kanu, wato manyan da ake amfani da su wajen kanun labarai da bangon littafi da fosta da allunan hanya. Aikin waɗannan shi ne su jawo ido daga nesa. Da yake kalmomin da suke ɗauka kaɗan ne, mai karatu yakan jure musu abin da ba zai jure wa haruffan gundari ba, shi ya sa masu ƙira suka fi gwada sababbin dabaru a kansu.

Shi kuwa filin da aka kasa gida-gida, an ara masa suna ne daga wasan dara. Duk wanda ya taɓa kallon dara ya san gurabe talatin ake haƙawa a ƙasa, layi shida, kowane layi da gurbi biyar, kuma ba a kafa ɗa a tsakanin gurbi da gurbi. Ko dai ɗa yana cikin gida, ko kuwa gidan fanko ne. Wannan ita ce ainihin ƙa'idar haruffan da ake magana a kansu.

3.0 Rubutun Magina

Tun kafin Turawa su fara ɗab'i da haruffan dalma a tsakiyar ƙarni na 15, magina a gabashin duniyar Musulunci sun riga sun ƙago rubutu mai wannan tsari, kuma kayan aikinsu ne suka kai su ga haka. A ƙasashen Farisa da Kurasan da gasasshen tubali ake gini, shi kuwa irin wannan tubali kusurwa huɗu gare shi, ba ya lanƙwasuwa. Maginin da yake son rubutu ya fito a jikin hasumiya daga cikin jerin ginin kansa, tilas ne ya mayar da kowane harafi jerin tubala, wasu a tsaye, wasu a kwance. Daga nan aka sami rubutun da ake kira Kufi murabba'i, wanda Farisawa suke kira banna'i, wato na magina. Daga cikin misalansa mafi daɗewa akwai wanda yake jikin hasumiyar Sarki Mas'udu na Uku a Gazna, ta ƙasar Afganistan ta yau, sarkin da ya yi mulki daga 1099 zuwa 1115. Rubutun ya bunƙasa sosai a ƙarni na 14 da na 15, kamar yadda ake gani a hubbaren Pir-i Bakran da ke kusa da Isfahan, da kuma makarantar Ulug Beg ta Samarƙand, wadda aka gina tsakanin 1417 da 1420, inda aka jera tubala masu sheƙi shuɗaye a tsakanin na gama-gari domin rubutun ya fito.

Ƙa'idar wannan rubutu ita ce kaurin layi ya yi daidai da faɗin sararin da ke tsakanin layi da layi, wato gida ɗaya cike, gida ɗaya fanko. Sau da yawa rubutun yakan bi gefen murabba'i yana nannaɗewa har ya ƙare a tsakiya. Amma kowane allazi da nasa amanu. A rubutun Larabci, baƙaƙe biyar, wato ba'un da ta'un da sa'un da nunun da ya'un, idan suka zo a tsakiyar kalma surarsu ɗaya ce, ɗigo kaɗai ne yake rarrabe su. Galibin magina sun yar da ɗigon, sun kuma yar da wasulla, domin tsarin bai bar musu wuri ba. Abin da ya sa duk da haka ake iya karanta rubutun shi ne, abin da ake rubutawa sananne ne ga kowa, kamar sunayen Allah da na Annabi (SAW) da kalmar shahada da gajerun surori. Ke nan abin da tubali ya kasa nunawa, haddar mai karatu ce take cike shi.

Yana da kyau a kwatanta wannan da rubutun da mahaddata suke rubuta Alƙur'ani da shi a Kano da Barno. Shi ma daga rubutun Magaribi ya samo asali, wanda ya tsiro daga tsohon Kufi. Sai dai da yake alƙalami da tawada ya bi, ya riƙe ɗigonsa da wasullansa, har ma ya ƙawata su da launuka. Asali ɗaya ne, kayan aiki ne suka raba hanya.

4.0 Gidan Dara a Matsayin Ma'auni a Turai

A Turai tsarin ya shigo ne ta wata ƙofa dabam. Masanan Italiya na ƙarni na 15 sun shagala da manyan baƙaƙen da Rumawa suka sassaƙa a jikin duwatsu, suna ganin lalle akwai wani lissafi da ke ɓoye a bayan kyansu. Saboda haka sai suka riƙa sanya kowane harafi a cikin murabba'i suna auna shi da rula da abin zana da'ira. Luca Pacioli ya buga irin wannan aiki a 1509, sa'annan Bajamushen mai zane Albrecht Dürer ya buga nasa a Nuremberg a 1525. Dürer ya yi wani abu da ya wuce na magabatansa, domin da ya zo kan ƙananan baƙaƙen rubutun Jamusawa masu kusurwa, sai ya gina su ta hanyar ɗora ƙananan murabba'ai kan juna, ya fara da harafin i ya fitar da saura daga gare shi. Bayan shekara huɗu, a 1529, Geoffroy Tory na Faransa ya fitar da littafinsa Champ Fleury, inda ya kasa murabba'in kowane harafi gida goma a tsaye, goma a kwance.

Wannan tafarki ya kai ƙololuwarsa a zamanin Sarki Luwi na 14. A 1692 aka ɗora wa wani kwamitin masana alhakin tsara sabon zubi domin maɗaba'ar sarki, ƙarƙashin jagorancin Jean-Paul Bignon, tare da Jacques Jaugeon da Gilles Filleau des Billettes da Sébastien Truchet. Kwamitin ya kasa murabba'in babban baƙi gida 64, ya sake kasa kowane gida kashi 36, jimla gidaje 2,304, wato 48 a tsaye da 48 a kwance. Wannan zubi shi ne ake kira Romain du Roi, ma'ana haruffan sarki, kuma an fara buga littafi da shi a 1702. To amma wanda aka bai wa aikin sassaƙa haruffan a kan ƙarfe, Philippe Grandjean, yana aiki ne a kan fuskar ƙarfen da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba a ƙananan haruffa, inda babu yadda za a shata gidaje dubu biyu. Don haka idonsa da hannunsa ne suka yanke hukunci na ƙarshe. Daga baya shahararren maƙerin haruffa Pierre-Simon Fournier ya yi wa lissafin kwamitin ba'a a littafinsa na 1764 a kan wannan dalili.

Abin lura a nan shi ne, daga Pacioli har zuwa kwamitin Bignon, gidan dara ma'auni ne kurum. Harafi yana ratsa gidajen yadda ya ga dama, yana lanƙwasa, yana yanka gida biyu. Da yake gidajen suna da yawa ƙwarai, babu wani bambanci da aka rasa. Asara tana farawa ne idan gidajen suka yi kaɗan, aka kuma hana harafi tsallake iyakarsu.

5.0 Ƙarni na 20

5.1 Van Doesburg da Albers

Wannan hani ya zo ne a farkon ƙarni na 20, kuma da gangan aka yi shi. A 1917 mai zane Theo van Doesburg ya kafa mujallar De Stijl a ƙasar Holan, shi da abokansa masu ra'ayin cewa zane na gaskiya bai kamata ya wuce miƙaƙƙen layi na tsaye da na kwance ba. A 1919 ya tsara jerin manyan baƙaƙe bisa murabba'i mai gida 25, biyar a tsaye, biyar a kwance, babu lanƙwasa, babu layin da ya karkace. Biyar ɗin ba a banza aka zaɓe ta ba. Harafin E yana da sanduna uku a kwance da sarari biyu a tsakaninsu, haka ma S da B, saboda haka biyar ita ce mafi ƙarancin abin da zai ɗauki manyan baƙaƙen boko. Wato siffar haruffan Rumawa ce ta haifar da lissafin. Duk da haka an sha wuya, domin haruffan da suka dogara ga karkataccen layi, irin su K da X, sai da aka ba su surar da ta yi nisa da wadda ido ya saba da ita.

A makarantar zane ta Bauhaus da ke Jamus, wadda ta rayu daga 1919 zuwa 1933, Josef Albers ya sassauta ƙa'idar kaɗan. A tsakiyar shekarun 1920 ya tsara haruffan alluna da fosta waɗanda ake haɗawa daga siffofi uku kacal, wato murabba'i da alwatika da rubu'in da'ira, kowanne ya cike gida ɗaya. Manufarsa ita ce ko wanda bai ƙware a zane ba ya iya haɗa allon shago, muddin yana da gutsattsarin a hannu. Irin wannan tunani na sauƙaƙa aiki ne ya sa hukumar daidaita ma'aunai ta Jamus ta tabbatar da zubin DIN 1451 a 1936, wanda aka zana bisa gidan dara domin injiniya ko mai fentin allo ya iya kwaikwayonsa da rula, kuma shi ne ya zama harafin allunan hanyoyin ƙasar.

5.2 Wim Crouwel

Babu wanda ya kai wannan ra'ayi iyakarsa kamar Wim Crouwel, ɗan ƙasar Holan, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 2019. A tsakiyar shekarun 1960 ya ga na'urar Digiset ta kamfanin Rudolf Hell, ɗaya daga cikin na'urorin farko masu tsara haruffa da ɗige-ɗigen haske maimakon dalma. Ya lura cewa tsofaffin haruffa masu lanƙwasa suna lalacewa a cikinta, musamman idan aka ƙanƙanta su, domin ɗige-ɗigen ba su isa su bi lanƙwasar ba. Sai ya ga cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, wato maimakon a tilasta wa na'ura kwaikwayon alƙalami, a ƙera mata haruffan da suka dace da halinta.

A 1967 ya fitar da zubin da ya kira New Alphabet. Ya gina shi bisa gidaje biyar a faɗi da tara a tsayi, da layukan tsaye da na kwance, ya datse kusurwoyi kaɗan. Duk haruffan faɗinsu ɗaya. Babu manyan baƙaƙe, sai dai a ja layi a saman ƙaramin baƙi a nuna babba ne. Da yake m da w sun fi ƙarfin faɗin da ya tanada, sai ya rubuta su da n da u, ya ja musu layi a ƙasa. Sakamakon haka haruffa da dama suka zama sai an koya kafin a gane su, kuma shi kansa Crouwel ya sha bayyana cewa gwaji ne ya yi domin ta da muhawara. Muhawarar kuwa ta tashi, domin wani matashi mai suna Gerard Unger ya mayar masa da martani cewa na'ura ce ya kamata a inganta, tunda idon mutum ba ya sauyawa da saurin na'ura. Tarihi ya gaskata Unger ta fuskar haruffan gundari. Ta fuskar haruffan kanu kuwa aikin Crouwel ya rayu. Fostar da ya yi wa gidan tarihin Stedelijk na Amsterdam a 1968 ta fito da layukan gidan daran a fili a bayan haruffan, sa'annan haruffan da ya tsara wa kamfanin Olivetti a 1974 domin keken rubutu, ko da yake ba a yi amfani da su a can ba, sun fito a kan kan sarkin ƙasar Holan daga 1976. A 2011 gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York ya sanya New Alphabet cikin zubi 23 da ya tara a matsayin kayan tarihi.

6.0 Zamanin Na'ura

Abin da ya kasance zaɓi ga Van Doesburg ya zama dole ga injiniyoyin kwamfuta. Na'urorin farko ba su da wurin ajiya mai yawa, kuma allonsu da na'urorin buga takardarsu da ɗige-ɗige suke aiki. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na gida biyar a faɗi da bakwai a tsayi, jimla 35, wato layi ɗaya kacal ya fi gidan daran Bahaushe. An auna wannan fili ne da haruffan da ke cikin tsarin ASCII na Amurka, wanda aka fitar a 1963 mai gurabe 128, inda babu ko harafi ɗaya mai alama a sama ko a ƙasa. Har Ingilishi ma bai tsira ba, domin haruffa masu jela irin su g da p da y sai da aka cusa su sama suka tsaya a kan layi. Amma da yake masu ƙera na'urar su ne masu jin ciwon abin, ba a daɗe ba aka magance shi. Na'urorin buga takarda masu allura tara, irin su Epson MX-80 ta 1980, sun ƙara layuka a ƙasa domin jela ta sami wurin sauka.

A cikin wannan ƙunci ne wasu masu zane suka nuna gwaninta. Susan Kare, wadda ta tsara haruffan kwamfutar Macintosh ta 1984, ta riƙa zana aikinta a takarda mai gida-gida irin ta lissafi, tana cike gidajen ɗaya bayan ɗaya. Zubinta mai suna Chicago ya bai wa kowane harafi faɗin da ya dace da shi, i siriri, m mai faɗi, kuma ya daɗe har ya fito a na'urar sauraron waƙa ta iPod a 2001. Zuzana Licko, wadda aka haifa a Bratislava ta girma a Amurka, ta tsara zubin Emperor da Oakland da Emigre a 1985 domin mujallar Emigre da ita da mijinta Rudy VanderLans suke gudanarwa. Ita ba ta ɓoye ɗige-ɗigen ba, sai ma ta girmama su har kowane gida ya fito ƙuru-ƙuru a kanun mujallar.

A wannan shekara ta 1985 ne na'urar LaserWriter ta fito da tsarin PostScript, wanda yake bayyana harafi da lissafin gefensa, don haka lanƙwasa ta dawo. Daga nan tsarin gidan dara ya koma salo da mai zane yake zaɓa don sha'awa. A 2008 kamfanin FontShop ya fitar da FontStruct, wata manhaja ta kyauta da Rob Meek ya tsara, wadda take bai wa kowa damar gina zubinsa ta hanyar jera ƙananan siffofi a cikin gidaje. Abin sha'awa shi ne, sunan da aka bai wa siffofin a manhajar yana nufin tubali, ke nan an zagayo an dawo wurin maginan Gazna.

7.0 Matsayin Baƙaƙen Harsunan Nijeriya

Ba a daidaita a kan baƙaƙe masu ƙugiya a rubutun Hausa ba sai a shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East yake shugabantar Hukumar Talifi ta Zariya. Kafin nan an yi ta amfani da ɗigo a ƙasan harafi ko alama a gefensa. A shekarun 1980 kuma Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 domin harsunan Nijeriya baki ɗaya, bisa shawarar da Farfesa Kay Williamson ta gabatar a 1981, inda Edward Oguejofor da Victor Manfredi suka yi aikin zubin da taimakon Bajamushen maƙerin haruffa Hermann Zapf. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya bai wa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu. Sai dai samun lamba daban, samun sura a cikin gidajen daban.

Bari mu gwada da fili mai gida biyar da bakwai. Harafin b yana da sanda a layin hagu, cikinsa ya cike layuka biyar na ƙasa, saura layi biyu a sama. Idan aka lanƙwasa sandar zuwa dama domin a sami ɓ, abin da zai fito ba shi da maraba da lamba 6 sai kaɗan. Harafin d kuwa sandarsa tana kan iyakar dama, ƙugiyar ɗ kuma dama take nufa, don haka dole a janyo sandar ciki, cikin harafin ya tsuke. Manyan baƙaƙen Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take fita, inda babu gida ko ɗaya da ya rage. A ƙ kuwa ƙugiya da hannun harafin na sama suna neman gida ɗaya. Ga Bahaushe waɗannan ba ado ba ne, domin su ne suka raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da gada da gaɗa, da bari da ɓari.

Matsalar Yarabanci ta fi tsanani, domin tasa ta tsayi ce. Kalmomin oko da ọkọ da ọkọ̀ da ọkọ́ suna nufin gona da miji da mota da fartanya, kuma ɗigon ƙasa da alamar karin sauti ne kaɗai suka rarrabe su. Idan jikin ƙaramin wasali ya ci layi biyar, ana bukatar layi ɗaya fanko da layi biyu na alama a sama, tunda ɗigo ɗaya ba zai nuna ko alamar dama ta karkata ko hagu ba, sa'annan layi ɗaya fanko da ɗaya na ɗigo a ƙasa. Jimla layi goma ke nan, babban baƙi kuwa goma sha biyu. Ibo ma yana da ị da ọ da ụ da ṅ, Fulfulde yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ.

Akwai misali guda da yake nuna iyakar abin. Ƙananan allunan na'urori da yawa suna aiki ne da wani ɗan sashe na kamfanin Hitachi mai lamba HD44780, wanda ya zo da haruffan Ingilishi a shirye, ya kuma bar gurabe takwas kacal domin mai amfani ya zana nasa. Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, idan aka haɗa da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, manya da ƙanana takwas ne cif. Wato Hausa kaɗai za ta cinye guraben, ba a zo kan Yarabanci ba. Haka kuma da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, jerin haruffan saƙon tes ba shi da ƙugiya, kuma saƙon da ya fita daga wannan jeri yakan ragu daga haruffa 160 zuwa 70. Ba abin mamaki ba ne da jama'a suka saba da yar da ƙugiya, suka bar wa mai karatu ya cike da saninsa. Wannan ita ce dabarar maginan Farisa, sai dai su sanannen nassi suke rubutawa, mu kuwa sunayen mutane da na garuruwa da umarnin shan magani muke rubutawa, waɗanda babu haddar da za ta cike giɓinsu.

Saboda haka wannan takarda tana ba da shawarar cewa duk wanda zai ƙera zubin kanu mai tsarin gidan dara domin Nijeriya ya fara da haruffa mafi wuya, irin su Ɗ da ƙ da Ẹ́, ya ƙidaya gidajen da suke bukata, sa'annan ya tsayar da filinsa. Bisa lissafin da ya gabata, filin ba zai gaza layi goma sha biyu a tsayi ba, faɗinsa kuma ya ɗara biyar. Su kuwa masana harshe, nauyin da ke kansu shi ne su tanadar wa masu zane jerin tagwayen kalmomi irin waɗanda aka kawo a sama, domin a gwada zubin da su daga nesa kafin a amince da shi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an bi tarihin ƙirar haruffa bisa tsarin gidan dara, an kuma ga cewa ya taka rawa iri uku. Ya kasance tilas da kayan aiki suka ɗora, kamar a wurin maginan Farisa da injiniyoyin kwamfuta, ya kasance ma'auni a hannun Tory da kwamitin Bignon, ya kuma kasance aƙida da salo a wurin Van Doesburg da Crouwel da Licko. A duk inda gidajen suka yi kaɗan an sadaukar da wani bambanci, kuma an fi saurin maido da wanda ya shafi harshen masu ƙirar. A yau ƙuncin na'ura ya ragu ƙwarai, kayan aikin ƙira kuma sun sauƙaƙa har ɗalibi yana iya gina zubinsa. Abin da ya rage shi ne sassan nazarin harsuna da sassan zane-zane na jami'o'inmu su haɗa hannu, domin a sami haruffan kanu waɗanda tun daga ƙidayar gidajensu aka yi la'akari da ƙugiya da ɗigo da alamar karin sauti.